Yadda Ƙwallon Lambu Ya Zo Ƙasar Hausa

Kowa ya san ƙasar Funtuwa da Malumfashi ƙasar noma ce. Dawa da gero da masara duk suna yi, amma abin da ya kai sunanta har birnin Manchesta na Ingila shi ne auduga. A shekarar 1902 masu masaƙu na Ingila suka kafa wata ƙungiya da ake kira B.C.G.A., don ta nemo musu auduga daga ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkinsu, su rage dogara ga Amurka. Ƙungiyar nan ta ga ƙasar kudancin Katsina da arewacin Zazzau ta dace da bukatarta. Aka kawo irin auduga na Amurka wanda ake kira Alan, aka buɗe gonar iri a Daudawa, aka kakkafa injunan gurza a Zariya da Funtuwa da Malumfashi da Gusau. A 1929 aka gama shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa daga Zariya, ta bi ta Funtuwa da Gusau har Ƙauran Namoda. Daga nan Funtuwa, wadda dā ƙaramin gari ce cikin ƙasar Sarkin Maska, ta cika da kantuna da 'yan kamasho da baƙi daga ko'ina.

Idan kaka ta yi, aka buɗe kasuwar auduga, manomi yakan ga Baturen ciniki ko Baturen gona tsaye kusa da sikeli, da malafarsa da gajeren wando. Sai dai da wuya manomi ya san inda Baturen nan yake zuwa in ya sami hutu, ko abin da yake yi da la'asar a manyan barikoki irin na Zariya da Kano da Kaduna. A can akwai wani gida da suke kira kulob, a gefensa kuma da wani makeken fili wanda ba a noma, ba a gini, ba a kiwo. A filin nan suke yin wasan da suke kira golf, wanda Hausawa suka sa wa suna ƙwallon lambu. Tarihin filin nan ya fi tarihin wasan kansa abin lura, amma ya kamata a fara da wasan.

Asalinsa daga ƙasar Sikotlan ne, arewa da Ingila, inda akwai tuddan rairayi a bakin teku waɗanda ba su da amfani ga manomi sai dai tumaki su yi kiwo. Tsohon wasa ne ƙwarai, gama a shekarar 1457 Sarkinsu James na Biyu ya hana shi tare da ƙwallon ƙafa, wai samari sun bar koyon harbin baka sun koma bugun ƙwallo, ga kuwa yaƙi da Ingila bai ƙare ba. Hanin bai yi tasiri ba, har ma sarakunan da suka biyo baya suka shiga yi. A 1744 aka rubuta dokokinsa na farko, guda 13, a Leith kusa da birnin Edinbara. A 1764 mutanen St Andrews suka rage ramukan filinsu daga 22 zuwa 18, sannu a hankali kuma duniya duka ta bi wannan adadi. Duk inda sojan Ingila da ɗan kasuwarta suka sauka suka daɗe, sai ka ga sun nemi fili. Tun 1829 suka kafa kulob na wasan nan a Kalkata ta ƙasar Indiya, shi ne mafi tsufa a wajen ƙasarsu.

Ga yadda ake zagaye guda. Mutum biyu ko uku ko huɗu sukan fita tare, kowa da nasa ƙwallo, ɗan ƙarami, fari, mai tauri, bai kai girman ƙwan kaza ba. Kowa kuma da jakar sanduna, doka ba ta yarda su wuce 14 ba. Kowace sanda da aikinta: wata mai babban kai don bugu mai nisa, waɗansu masu kan ƙarfe a karkace don su ɗaga ƙwallo sama ya tsallake itace ko rami, ɗaya kuma mai miƙaƙƙen kai don gangarar da shi a hankali. Mai wasa zai ɗora ƙwallonsa bisa ɗan tsinke, ya gyara tsayuwa, ya buga shi wajen wata tuta da ke can nesa, yadi ɗari da hamsin, ko ɗari huɗu, ko ma fiye da ɗari biyar. A gindin tutar akwai rami wanda faɗinsa inci huɗu da kwata ne kacal. Inda ƙwallo ya faɗi, nan za a bi shi a sake bugawa, ko cikin ciyawa ne, ko gindin ƙaya, ko cikin ramin yashi da aka haƙa da gangan don ya zama tarko. Ba a taɓa shi da hannu a gyara masa wuri sai inda doka ta yarda. In ya shiga rami sai a ƙidaya bugu nawa aka yi, a rubuta, a wuce rami na gaba, har a gama 18. Wanda ya fi ƙarancin bugu shi ya ci. Kafin a gama an yi tafiyar mil huɗu ko fiye, an kuma ci kamar sa'a huɗu.

Abu biyu ne suka bambanta wasan nan da sauran wasanni. Na farko, yawanci babu alƙali a fili. Mutum shi ke ƙidaya bugunsa, in kuma ƙwallonsa ya motsa da laifinsa cikin ciyawa inda ba wanda ya gani, shi zai faɗa da bakinsa a ƙara masa bugu guda. Wanda aka kama yana rage ƙidaya ya zubar da mutuncinsa a kulob, ko da Razdan ne. Na biyu, akwai rangwame da ake yi wa wanda bai ƙware ba, a cire masa waɗansu bugu daga jimlarsa, don tsoho da saurayi, gwani da ɗan koyo, su iya karawa kowa yana sa ran ci. Wannan tsari ne mai kyau, ba mai musun haka. Abin mamaki dai shi ne mutanen da suka tsara adalci irin wannan a cikin fili su ne suka tsaya a bakin ƙofa suna zaɓen wanda zai shiga ta launin fatarsa.

Turawa sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, ba a daɗe ba kuwa suka fara wasan. 'Yan kulob ɗin Kano suna ƙidaya shekarun filinsu daga 1908, watau tun jirgin ƙasa bai iso birnin ba, gama sai 1911 ya iso. Turawan haƙar kuza suka yi nasu a Rayfield kusa da Jos a 1913. Da aka mai da hedkwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna, can ma aka buɗe fili a 1921. Zariya, wadda ta zama mahaɗar jiragen ƙasa da cibiyar cinikin auduga, ita ma tana da nata a bariki. Daga Funtuwa zuwa can kamar mil hamsin ne, daga 1926 zuwa 1934 kuwa ƙasar Katsina duk tana cikin Lardin Zariya ne, saboda haka harkar Turawan mulki da na ciniki na wannan yanki can ta fi karkata.

A nan suka gamu da wata wahala da ba su saba da ita a gida ba. A Sikotlan ana yin ruwa kusan kowane wata, kewayen rami kuwa lallausar ciyawa ce da ake aske ta kamar darduma. A ƙasar Hausa ruwa yakan ɗauke a watan Oktoba, ba ya komowa sai wajen Mayu. Da hunturu ya shigo ciyawa ta bushe, ƙasa ta yi tauri kamar daɓe, ƙwallo ya faɗi ya yi ta tsalle ya wuce inda ake so. Dabarar da suka yi ita ce su share kewayen ramin, su zuba tataccen yashi, su cuɗa shi da baƙin mai irin wanda aka juye daga inji, don kada iska ta kwashe shi, ƙwallo kuma ya gangara daidai. Kowa ya taka sai sawunsa ya fito, saboda haka aka sa yaro a kowane rami, ko mai ɗaukar jaka, ya ja buhu ko wani katako ya share hanya tsakanin ƙwallo da rami kafin maigida ya buga. Shekaru da yawa haka filayen Arewa suke, baƙi-baƙi a kewayen tuta, suna warin mai in rana ta take.

To, ina aka sami fili mai faɗi haka a gefen gari? Cikakken filin ramuka 18 yakan ci eka ɗari ko fiye, watau gonakin magidanta ashirin in kowa yana da eka biyar. Amsar tana wajen sauro. A 1897 wani likitan soja mai suna Ronald Ross ya gano a Indiya cewa sauro ne ke ɗaukar ƙwayar zazzaɓin cizon sauro daga mutum zuwa mutum. Zazzaɓin nan kuwa shi ne ya fi kashe Turawa a Afirka ta Yamma. Likitocinsu suka ce yaran baƙar fata ne suka fi ɗauke da ƙwayar a jininsu, saboda haka maganin abin shi ne Bature ya kwana nesa da su, inda sauron da ya ciji yaro ba zai kai gare shi ba. Gwamna Lugga ya karɓi shawarar nan, ya sa ta cikin tsarin garuruwa wanda Dokar Garuruwa ta 1917 ta ƙarfafa. Aka ce tsakanin unguwar Turawa da mazaunin 'yan ƙasa a bar fili na yadi 440, watau kwatan mil, wanda ba mai gina gidan kwana a cikinsa. Filin da aka hana gini kuwa dole a share shi kada ya zama daji, sai aka ga ba abin da ya fi dacewa da shi kamar filin sukuwa da na folo da na ƙwallon lambu. Ta haka a garuruwa da yawa filin wasa ya zama shingen da ya raba bariki da gari, shinge marar ƙaya amma kowa ya san ba a tsallake shi.

Sauro dai bai san yadi 440 ba. Ban da haka, kuku da boyi da mai gadi da mai doki duk a bayan gidan Bature suke kwana, gama ba ya iya zama ba su. Yaran nan kuma da aka ce su ne ma'ajin cuta, su ne ake kira da la'asar su ɗauki jakar sanduna su bi maigida rami 18, a sallame su da 'yan kwabbai. Mai hankali zai gane da kansa cewa ko da lafiya ce ta fara kawo dokar, abin da ya riƙe ta shekara talatin wani abu ne dabam.

Shi kuwa kulob ba na gwamnati ba ne, na 'yan ƙungiya ne, su suke biyan kuɗin shiga da na wata-wata, su suke zaɓen shugabanninsu. Mai son shiga sai wani ɗan kulob ya gabatar da sunansa, wani ya goyi baya, sa'an nan a jefa ƙuri'a a ɓoye. Bisa al'adar da suka zo da ita daga Ingila, ana jefa fararen ƙwallaye da baƙaƙe cikin akwati, baƙi ɗaya ko biyu sun isa su hana mutum, ba kuwa wanda zai gaya masa dalili. Saboda haka ba sai an rubuta a bango cewa baƙar fata ba ya shiga ba. Ko a tsakanin Turawan ma akwai daraja hawa-hawa: ma'aikatan mulki a sama, sa'an nan sojoji da likitoci, sa'an nan 'yan kamfani da ma'aikatan reluwe. Ɗan ƙasa kuwa, komai iliminsa, komai dukiyarsa, ƙofar baya ce tasa, ya kawo saƙo ko ya kawo abin sha.

A nan ne ƙasar Katsina ta bi wata hanya tata. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, wanda ya yi sarauta daga 1906 zuwa 1944, mutum ne mai son dawaki, mai kuma lura da abin da Turawa suke girmamawa. A 1921 ya yi tafiyarsa ta farko zuwa Makka da Ingila. Wasan da ya ɗauka bai zama ƙwallon lambu ba, folo ya ɗauka, watau ƙwallon dawaki. Dalilin a fili yake. Hawa gadon gidan sarauta ne, dawaki suna nan a barga, mahaya suna nan a fada, abin da ya rage sanda ce da doka. Ya sa 'ya'yansa da bayinsa da fadawansa suka koya, ba a jima ba suka fara cin Turawan soja a gasar Kaduna, inda ake karawa a kan kofin Georgian. Ɗansa Usman Nagogo, wanda ya gaje shi ya yi sarauta har 1981, ya kai matsayi na bakwai a ma'aunin gwanintar folo, wanda ƙalilan ne a duniya suke kaiwa. Jikansa Hassan Usman Katsina, Gwamnan soja na Jihar Arewa a 1966, shi ma a kan doki aka san shi. A filin folo Bature ba shi da ikon kulle ƙofa, gama yana bukatar abokan karawa da dawakin ƙasa, in kuma aka tashi wasa kowa ya ga wanda ya fi.

Haka kuma wasan fayif, wanda ake buga ƙwallo da tafin hannu a jikin bango, ya shiga ta makaranta. Malaman Ingila suka koya wa ɗaliban Kwalejin Katsina wadda aka buɗe a 1922, Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato yana cikin waɗanda suka ƙware, bai kuwa bar shi ba har yana Firimiya. Ƙwallon ƙafa ya bi reluwe da makarantu da sojoji har ya kai kowane ƙauye, don ba ya bukatar kome sai fili da tsumma a ƙulle. Ƙwallon lambu kaɗai ya rage a bayan shinge, gama yana son fili mai faɗi, da sanduna masu tsada daga ƙasar waje, da ƙuri'ar mutanen da ba su son baƙo.

Abin ya fara sakewa bayan Yaƙin Duniya na Biyu. A 1947 wani otal a Ikko mai suna Bristol ya hana Ivor Cummings masauki saboda launinsa, alhali kuwa babban ma'aikaci ne da Ofishin Mulkin Mallaka na London ya aiko. Jaridu suka yi ca, jama'a suka harzuƙa, har Gwamna Richards ya ba da umurni a daina nuna bambancin launi a otal da asibiti da sauran wuraren jama'a. Unguwar Turawa aka sake mata suna ta zama unguwar ma'aikatan gwamnati, wadda har yau ake kira Ji'ar'e. Kulob kuwa, da yake na 'yan ƙungiya ne, ya fi jinkiri. Sai da 'yan Arewa suka fara zama ministoci da manyan sakatarori da hafsoshin soja cikin shekarun 1950, sa'an nan aka ga ba dama a ƙi mutumin da gobe zai sa hannu a takardar aikinka.

Ba a nan kaɗai aka yi wannan jinkiri ba. A Amurka sai 1961 ƙungiyar ƙwararrun 'yan wasan ta soke sharaɗin da ya ce farar fata kaɗai ke shiga, kulob ɗin Augusta mai babbar gasa kuwa bai karɓi baƙar fata ɗan ƙungiya ba sai 1990. A Afirka ta Kudu wani ɗan asalin Indiya mai suna Papwa Sewgolum, wanda ya fara da ɗaukar jaka, ya ci gasar Natal a 1963 da 1965, aka kuma taɓa miƙa masa kofinsa a waje ana ruwa, don doka ta hana shi shiga ɗakin kulob.

Su yaran nan masu ɗaukar jaka su ne suka fara gwanancewa a Nijeriya ma. Yaro ya yi shekaru yana kallon tsayuwar kowane maigida da kuskurensa, ya san kowane tudu da kwari na filin, ya san inda iskar hunturu ke karkatar da ƙwallo. In ba kowa sai ya lanƙwasa guntun ƙarfe ko ya sassaƙa reshe ya gwada. Da aka fara babbar gasar Nijeriya a Ikoyi a 1969, gwanaye suka riƙa zuwa daga Turai lokacin sanyinsu. Sandy Lyle ya ci a 1978, Vijay Singh na ƙasar Fiji ya ci a 1988 da 1989, dukansu kuwa daga baya suka zama manya a duniya. 'Yan Nijeriya da suka kara da su a matsayin ƙwararru, irin su Peter Akakasiaka, yawancinsu daga ɗaukar jaka suka taso, ba daga cikin masu biyan kuɗin wata-wata ba.

Bayan samun mulkin kai a 1960, da kuma dokar 1972 wadda ta mai da kamfanoni da yawa hannun 'yan ƙasa, Turawa suka ragu, kulob ya koma hannun manyan ma'aikata da hafsoshi da manajojin banki da na masaƙu. Sharaɗin launi ya tafi, na gabatarwa da ƙuri'a da kuɗin shiga ya zauna. A 1991 aka buɗe babban fili a Abuja mai ciyawa kore shar wadda ake ba ruwa rani da damina, waɗansu tsofaffin filaye kuma suka haƙa rijiyoyin burtsatse suka kwashe yashin mai suka dasa ciyawa. Garuruwa sun girma sun kewaye filayen da dā suke bayan gari. Kwatan mil ɗin da Gwamna Lugga ya bari saboda sauro yanzu yana tsakiyar birni, itatuwansa sun zama inuwar da ta rage a wurin, masu neman filin gini kuwa ba su ɗauke ido daga kansa ba.

Auduga, wadda ta kawo jirgi da kantuna da Turawan ciniki ƙasar Funtuwa da Malumfashi, ita ma zamaninta ya juya. Masaƙar Kaduna ta farko ta fara aiki a 1957, waɗansu suka biyo baya, auduga ta daina tafiya Manchesta ta tsaya gida. A 1977 aka kafa Hukumar Auduga ta Nijeriya da hedkwatarta a Funtuwa, a 1986 gwamnati ta rushe ta tare da sauran hukumomin ciniki. Shekara guda bayan haka, a 1987, aka cire Jihar Katsina daga Jihar Kaduna. Manyan masaƙun Kaduna suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya, babbarsu ta tsaya a 2007, manoma da yawa kuma suka mai da gonakin auduga na masara da waken soya. Filayen ƙwallon lambu na Zariya da Kano da Kaduna da Jos kuwa suna nan ana wasa, da sassafe kuma samari sukan taru a bakin ƙofa suna jiran wanda zai kira su ɗaukar jaka.